A Daina Kashe Marasa Lafiya Da Yunwa Da Sunan Hana Kansa Sukari



Saƙon nan ya sake dawowa. Ku da ke cikin gurup-gurup na WhatsApp kun san shi, don kowace shekara sai ya zagayo kamar hunturu. Da farko rubuce yake zuwa da Faransanci, yanzu kuma wasu sun juya shi zuwa saƙon murya da Hausa. Wai wani babban likita ne ya ce babu wanda ya kamata kansa ta kashe in ba don sakaci ba. Wai abu uku kawai za a yi: a bar sukari kwata-kwata, kansa za ta mutu da yunwa; a matsa lemun tsami cikin ruwan zafi a sha kowace safiya har wata uku, wai ya fi shimiyo ƙarfi; a riƙa shan cokali uku na man kwakwa safe da dare. Wani lokaci a haɗa da sunan wani Bajamushe, Otto Warburg, a ce ya ci kyautar Nobel saboda ya gano wanga sirri amma kamfanonin magani suka ɓoye. Daga ƙarshe a ce don Allah ka tura ma mutum goma.

Ni kam ban tura ba, kuma ina roƙon ku kada ku tura. Saƙon nan yana kashe mutane. Abin da ya sa ya fi sauran ƙarairayi haɗari shi ne an gina shi bisa wani ilimi na gaskiya, an ɗebi rabinsa an watsar da rabi. Don haka yau zan ɗauki lokaci in shimfiɗa maku ilimin gaba ɗayansa, ku gani da idonku inda gaskiya ta tsaya da inda ƙarya ta ɗora.

MI WARBURG YA GANI?

Otto Warburg mutum ne na gaske, masanin kimiyya a birnin Balin na Jamus. A shekarun 1920 ya riƙa yanko tsokar kansa yana auna yadda take cin abinci, sai ya ga abin mamaki.

Jikinmu ƙananan ƙwayoyi ne suka haɗu suka gina shi, kowace ƙwaya da nata girki. Abincin da suka fi ci wani nau'in sukari ne da ke yawo cikin jini, ana ce mashi gulukoz. Ƙwaya mai lafiya tana da wani murhu a cikinta, mitokondiri, inda take ƙone sukarin ƙurmus da iskar oksijan, ta samu ƙarfi wajen kashi 30 daga kowane ɗigo. In iska ta yi ƙaranci, kamar lokacin da mutum ya sheƙa da gudu, sai ƙwayar ta koma gajeriyar hanya: ta fasa sukarin rabi-rabi, ta samu kashi 2 kawai, ta zubar da saura a matsayin asid laktik, wato abin nan da ke sa nono ya yi tsami.

Warburg ya ga ƙwayar kansa tana bin gajeriyar hanyar nan ko da iska ta wadata. Tana haɗiyar sukari fiye da ƙima, tana fasa shi rabi-rabi, tana zubar da tsami. Wanga gaskiya ne, har yau likitoci na amfani da shi. Akwai wata na'urar hoto da ake kira PET: a yi ma mara lafiya allurar wani abu mai kama da sukari wanda aka sa ma alama, sai wurin da kansa take ya haska a hoto saboda ya fi kewayensa haɗiya.

Amma ku riƙe abu biyu. Na ɗaya, kyautar Nobel da aka ba Warburg a 1931 an ba shi ita ne kan binciken anzim ɗin numfashin ƙwaya, ba don ya gano maganin kansa ba. Na biyu, shi ya ɗauka lalacewar murhun nan ce tushen kowace kansa, ya rasu a 1970 yana kan wannan ra'ayi, amma binciken da ya biyo baya ya nuna akasarin ƙwayoyin kansa murhunsu na aiki. Tushen cutar tangarɗa ce a rubutun gado na ƙwaya, ADN, ita ke canza mata ɗabi'a har da yadda take ci.

To mi ya sa take wannan almubazzaranci? Masu bincike sun ba da bayani mai gamsarwa a 2009. Ku ɗauki mai itace. In ɗumi kawai yake so, sai ya ƙone itacen duka ya zama toka. In kuwa rumfa zai kafa, ba zai ƙone duka ba, zai ware dirka da azara. Ƙwayar da ke son rabuwa biyu kullum tana bukatar kayan gini: kitse na yin bango, furotin, da tubalan ADN. Fasa sukari rabi-rabi shi ke bar mata guntayen da za ta yi gini da su.

INDA ƘARYA TA SHIGO

Masu saƙon sun tsaya nan suka ce: tunda kansa na son sukari, a hana mara lafiya sukari. A baki kamar magana ce mai hankali. Bari mu gwada ta da yadda jiki ke aiki.

Sukarin da ke cikin jininka ba na shayi ba ne kawai. Tuwon gero, fura, shinkafa, masara, rogo, dankali, burodi, taliya, duk in sun sauka hanji gulukoz suke komawa. To a ce ka bar su duka. Jikinka ba zai yarda sukarin jini ya faɗi ba. Duk wanda ya taɓa yin analiz na gilisemi ya ga lambar: mai lafiya da bai ci komi ba tana tsakanin giram 0.7 da 1.1 a kowace lita. Jiki na tsaron wannan lamba kamar ransa, don ƙwaƙwalwa kaɗai tana cin wajen giram 120 na gulukoz a yini, jajayen ƙwayoyin jini kuwa ba su da wani abinci sai shi. In ya faɗi ƙasa sosai mutum suma yake.

Idan abinci bai shigo ba, hanta ce ke ƙera sukarin. Da mi? Da abin da ta samu cikin jiki, har da tsokar mutum. Ka rufe rumbu don ɓarawon da ke cikin gida ya ji yunwa, sai maigida ya fara ɓalle ƙofofi da azara yana saidawa ya ciyar da gidan, ɓarawon kuma shi ke fara kai hannu cikin akushi. Ƙwayar kansa ta fi ta lafiya iya fizgar abinci daga jini. In sukari ya ragu tana juyawa ga wasu abubuwa: gulutamin, wanda jiki da kansa ke yi kuma ya cika jini, ko kitse. A 2017 masu bincike a Tekzas ta Amurka sun nuna kansar huhu tana iya cin asid laktik ɗin ma.

Kuma kowa ya taɓa jinyar mai kansa ya san yadda cutar ke tsotse mutum, ya rame ya koma ƙashi da fata. Ramar nan kanta tana cikin abin da ke kashewa. Ita ke sa a ɗage ma mutum tiyata, ita ke sa jiki ya kasa ɗaukar shimiyo. Mara lafiyar da da ƙyar ake lallashinsa ya sha ludayi biyu na kunu, shi za a ce ma kada ya sha don akwai sukari? Haba jama'a.

Batun lemun tsami kuwa, wai yana kashe tsamin jiki don kansa ba ta rayuwa sai cikin tsami. Ma'aunin tsamin jinin mutum yana tsakanin 7.35 da 7.45, huhu da ƙoda ne ke riƙe shi nan dare da rana. Ko kwando guda na lemu ka shanye ba ya motsawa. Tsamin da ke kewaye da ƙarin kansa, ita kansar ce ta zubar da shi. Sha lemunka, yana da bitamin, amma ba magani ba ne.

Akwai gaskiya ɗaya a gefen masu ƙin sukari, kuma zan faɗe ta. Yawan shan zaƙi na kawo ƙiba, kuma cibiyar binciken kansa ta duniya da ke Liyon a Faransa ta bayyana a 2016 cewa ƙiba na da alaƙa da nau'in kansa 13. Mai lafiya ya rage lemun kwalba da shayi mai kauri, wannan rigakafi ne mai kyau. Amma rigakafi daban, magani daban. Wanda gobara ta riga ta kama ɗakinsa ba ya amfana da nasihar a ɓoye ashana.

YADDA LIKITOCI SUKA YI AMFANI DA KWAƊAYIN KANSA

Masu cewa an ɓoye ilimin nan ba su san tarihin asibiti ba. Tsofaffin magungunan shimiyo da yawa daga nan suka fito. Masu bincike ba su tambayi yadda za a hana mutum abinci ba. Tambayarsu ita ce: mi ƙwayar kansa ke bukata fiye da ƙwayar lafiya, kuma ta yaya za a toshe mata shi ita kaɗai?

A 1947 wani likita a Bostan, Sidney Farber, yana kula da yara masu kansar jini, lokacin da duk yaron da ya kamu cikin ƴan watanni yake rasuwa. Ya lura ƙwayoyin cutar na da tsananin bukatar asid folik don ƙera ADN. Asid folik shi ne bitamin ɗin da ake ba mata masu ciki wajen awo, abu ne mai amfani, masu ciki su ci gaba da shan kayansu. Wani masani ɗan Indiya, Yellapragada Subbarow, da abokan aikinsa suka haɗa wani sinadari mai kama da asid folik amma na bogi, kamar makullin da ke shiga kwaɗo ya karye a ciki. Farber ya ba yara 16, cutar ta lafa ma 10 na wani lokaci. An buga sakamakon a 1948. Daga wannan dangi aka samu metotireksat. A 1956 wani likita ɗan asalin Sin, Min Chiu Li, ya warkar da wata mata da shi daga kansar mabiyiya wadda ta riga ta kai huhu.

Maganin nan ya shigo Afirka da wuri. A 1958 Denis Burkitt ya bayyana wata kansa a Yuganda mai kumbura muƙamuƙin yara, wadda ta fi yawa a yankunan zazzaɓin cizon sauro. A farkon shekarun 1960 aka ga tana narkewa da metotireksat da wani magani, sikulofosfamid. Kansar nan na cikin mafiya saurin girma, tana iya ninka kanta cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ku lissafa da kanku abin da wata uku na ruwan lemu zai yi ma irin wannan yaro.

A 1957 Charles Heidelberger ya haɗa maganin da ake kira 5-FU, bayan an lura ƙarin hantar ɓeraye na haɗiyar wani tubalin gado, yurasil, fiye da hanta mai lafiya. Har gobe da shi ake jinyar kansar hanji.

Wanda ya fi burge ni shi ne labarin ɓeran Masar. A 1953 John Kidd ya ga ruwan jinin ɓeran Masar na narkar da wata kansa a jikin ɓeraye. A 1961 John Broome ya gano dalili: akwai wani anzim a ciki, asparajinaz, mai lalata wani sinadari da ake kira asparajin. Ƙwayoyinmu masu lafiya sun iya girka asparajin ɗinsu a gida. Ƙwayar wata kansar jini ta yara ba ta iya ba, sai dai ta saya a kasuwa, wato cikin jini. Sai likita ya yi allurar da za ta share asparajin daga jinin. Masu girki a gida su ci gaba da rayuwa, mai dogaro da kasuwa ya mutu. Ka ji yadda ake kashe kansa da yunwa a gaskiya: da allura, bisa awo, likita na bin diddigin hanta da jini, yaron kuma ana ɗura mashi abinci. Da haɗin irin waɗannan magunguna ne yau a ƙasashe masu arziki wajen yara 9 cikin 10 masu wannan cuta ke warkewa.

SABABBIN DA SUKA FITO

Binciken bai tsaya ba. A 2008 masu bincike a Amurka da ke karanta ADN na kansar ƙwaƙwalwa suka ci karo da tangarɗa a wani anzim na girkin ƙwaya mai suna IDH. A 2009 aka gan ta a wata kansar jini ta manya, aka kuma gano abin da take yi. Anzim ɗin da ya lalace ba ya daina aiki, sabon aiki yake kamawa: yana ƙera wani gurɓataccen sinadari, 2-HG, ya tara shi cikin ƙwaya. Shi kuma ya hana ƙwayar balaga, ta tsaya tana ta haihuwar irinta ba ta aikin komi.

Da aka san haka sai aka ƙera ƙwayar maganin da ke toshe lalataccen anzim ɗin. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da enasidenib a 2017, da ivosidenib a 2018. Abin sha'awa, maganin na sa ƙwayoyin cutar su balaga su koma aiki. A watan Agusta na 2024 aka amince da vorasidenib, na kamfanin Servier na Faransa, don wani nau'in ƙarin ƙwaƙwalwa mai girma sannu-sannu. An gwada shi kan mutum 331. Waɗanda suka sha maganin sun yi wajen wata 27.7 kafin ƙarin ya ci gaba, waɗanda suka sha ƙwayar da ba magani a ciki wata 11.1.

Ku lura, maganin ba na kowa ba ne. Sai an yi analiz an ga tangarɗar IDH a jikin kansar mutum, kuma a kansar jinin da na ambata wajen mutum 1 cikin 5 ne ke da ita. Kansa ba cuta ɗaya ba ce, ɗaruruwa ce, kowace da cimarta. Duk wanda ya ce maku yana da abu guda mai warkar da su duka, daga nan ku san da wa kuke magana.

WAƊANDA SUKA FAƊI JARABAWA

Ga abin da ya raba likitanci da tallar kasuwa: likitanci na faɗin inda ya kasa.

Metformin, maganin ciwon sukarin nan mai araha da ke kowace farmasi, an sa rai sosai zai taimaka, tunda yana rage sukari da insulin. Aka gwada shi a wani babban gwaji da Kanada ta jagoranta, kan mutum 3,649 masu kansar nono da ba su da ciwon sukari. A 2022 aka fitar da sakamako: bai hana cutar dawowa ba. An ƙera wani magani, telaglenastat, don toshe ma kansa cin gulutamin. A ɗakin gwaji ya yi abin mamaki. Da aka gwada shi kan mutum 444 masu kansar ƙoda, a 2021 aka ga bai ƙara komi ba. A 2007 wani sinadari, DCA, ya rage ƙari a jikin ɓeraye a jami'ar Alberta, labari ya cika intanet, mutane suka riƙa sayensa a ɓoye suna sha, alhali an san yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa. Har yau bai zama maganin kansa ba.

Mi ya sa suke faɗuwa? Don ƙwayar kansa ɗiyar jikinmu ce, tukunyarmu ɗaya da ita. Ka toshe mata hanya ta bi wata. Ka toshe duka, ka toshe ma zuciya da ƙwaƙwalwa da sojojin jini, waɗanda su ma in za su yi yaƙi sukari suke haɗiya kamar ita. Masana da na'urori da biliyoyin kuɗi sun yi shekara ɗari suna neman ƴar tazarar da ke tsakanin cimar kansa da cimar mutum, kuma ƴan wurare kaɗan suka samu. Sai wani da ko sunan garinsu ba mu sani ba ya ce ya gama aikin da lemun tsami na dala biyar.

An ma auna abin da ke faruwa da masu bin irin wannan hanya. Masu bincike na jami'ar Yale sun buga a 2018 cewa masu kansar da ba ta bazu ba, waɗanda suka bar asibiti suka tsaya ga wasu hanyoyi kaɗai, haɗarin mutuwarsu ya ninka sau 2.5. Ga kansar nono ya haura ninki 5.

"TO MI KAKE SO TALAKA YA YI?"

Na san wasunku za su rubuta min haka a ƙasa, kuma tambaya ce mai nauyi. Ba wauta ke sa mutane bin saƙon nan ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sai a 2021 aka buɗe sashen gashin kansa, radiyoterapi, a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai, da taimakon hukumar AIEA. Daga Maraɗi zuwa Yamai fiye da kilomita 600 ne, daga Damagaram kusan 900. Ga kuɗin mota, ga masauki, ga mai jinya, ga analiz, ga odonansi. Uwar da ta ji ƙulli a nononta, ta lissafa wannan duka, sai ga saƙo ya ce maganin na cikin kwandon mai kayan miya. Dole zuciyarta ta karkata. Ba ita nake zargi ba. Wanda ya tura mata nake zargi, da wanda ya ɗora kasuwarsa bisa tsoronta yana saida mata jarka-jarka ta ruwan sassaƙe jikka goma-goma, har kuɗin motar Yamai su ƙare a hannunsa.

Kuma a gane, ni ba sababbin magungunan IDH nake nema mana yau ba. Kuɗin wata ɗaya a Amurka ya haura dalar Amurka 20,000, fiye da sefa miliyan 10. Abin da nake nema tsofaffin ne. Metotireksat, 5-FU, asparajinaz, merkaptopurin, duk sun haura shekara 50, duk suna cikin jerin magungunan da hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce ya kamata kowace ƙasa ta tanada. OMS ɗin ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu kansa na warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai kashi 30 ba. A 2018 ta sa burin a kai kashi 60 a duniya kafin 2030. Tazarar nan ba ta wani ɓoyayyen sirri ba ce. Ta jinkirin zuwa asibiti ce, da yankewar magani, da barin jinya a tsakiya don kuɗi sun ƙare. Nan ya kamata fushinmu ya nufa.

KIRANA

Ga hukumomin lafiya: a kusanto da gano cutar da shimiyo zuwa manyan asibitocin jihohi, a tabbata magungunan nan ba su yankewa, a sa ido kan ingancinsu don na jabu na yawo. A sa abincin mai kansa cikin lissafin jinya. A kuma horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara su san ƙulli ko kumburin da ya kamata a tura gaba ba tare da jira ba.

Ga gidajen rediyo da masu manyan shafuka: duk wanda ya zo da kuɗinsa yana son fili ya ce yana warkar da kansa cikin kwana arba'in, a tambaye shi ina aka gwada maganin, kan mutum nawa, nawa suka warke, nawa suka rasu. In ba ya da amsa, kuɗin nan bai cancanci a karɓa ba. Tsohuwar da ke ƙauye ba ta bambanta talla da labarai, duk abin da ya fito daga akwatin rediyo gaskiya ne a wurinta.

Ga masu maganin gargajiya na kirki, don akwai su: in kun ga ƙulli mai tauri a nono, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko jini ga macen da ta daina al'ada, ko yaro mai kumburin muƙamuƙi ko ciki, ku ce a tafi asibiti yau. Ba kasawa ba ce, sanin iyakar aiki ne.

Ga masu jinya: ku ba mara lafiyarku abinci. Kunun gujiya, fura da nono, wake, ƙwai, kifi, nama in da hali, zogale, duk abin da ransa ya karɓa, kaɗan-kaɗan sau da yawa. In yana da ciwon sukari, likitansa ne zai tsara mashi. Kada ku dakatar da shimiyo don wani saƙo, kuma duk abin da za ku ba shi na sha ku fara gaya ma likita, don wasu sassaƙe na wahalar da hanta da ƙoda, su ne kuwa ke tace maganin.

Ga masu son rigakafi na gaske: a yi ma jarirai allurar ciwon hanta nau'in B, manya su yi gwaji. A shanya gujiya da masara su bushe sosai, a zubar da masu fumfuna, don gubar aflatoksin da ke cikinsu na kawo kansar hanta. Mata su je a duba bakin mahaifa. A bar taba.

Ga kai kuma mai waya a hannu: in saƙon nan ya iso gurup ɗinku, kada ka yi shiru don kunyar wanda ya turo, ko da kawunka ne. Ka ce mashi da ladabi, Kawu, wanga ba gaskiya ba ne, a goge. Ba ka san wa ke cikin gurup ɗin da ƙulli a jikinta tana shawarar ko ta tafi Yamai ko ta ƙara jira ba.

Likitoci da ma'aikatan jinya da ke bin wannan shafi, filin sharhi naku ne, ku ƙara ma jama'a haske. Sauran ƴan uwa ku karanta ma waɗanda ba su iya karatu ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya haƙuri da abin yi. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.